Kyaftin Ɗin da Ya Cire Takalmi

Ƙamshin man takalmi shi ne agogon gidanmu a unguwar Nima. Da an idar da sallar asuba, Kaka zai zauna a bakin ƙofarsa da burushi da ɗan gwangwani, ya ɗora takalmansa na soja a cinya, ya dinga gogewa har sai ya hango gashin bakinsa a jikin fatar. A cikin wannan ƙamshi na tashi, a cikinsa na koyi karatu. Amma wata safiyar Talata, da na kai masa shayi, sai na ji wani wari na daban a ƙarƙashin ƙamshin, kamar na naman da aka manta a firji ranar da aka ɗauke wuta.

Na rubuta wannan ne don masu tsofaffi a gida, musamman tsofaffi masu taurin kai.

Kaka mahaifin babana ne. Sunansa Iddirisu, amma duk Nima da Maamobi Sajan suke ce masa. Ba wanda ya san shekarunsa daidai, domin ya ƙara wa kansa wasu ranar da ya je shiga soja, ya kuma manta ko nawa ya ƙara. Ya je Kongo yana saurayi, ya je Lebanon furfura ta fara fito masa, ya dawo ya reni 'ya'ya tara da jikokin da ba su ƙirguwa a gida mai ɗaki biyar. Duk yaron da zai fara makaranta, shi yake riƙe hannunsa ya kai shi, sanye da takalman nan. Kowa a gidan yana da muƙami. Ni Kofur ce, saboda ni nake karanta masa takardun fansho. Anti Zenabu, ƙanwar babana da ke sayar da shinkafa da wake a bakin titin Maamobi, ita ce mai kula da abincin bataliya. Hajiya kuwa, kakata, wadda suka haura shekara sittin tare, ba ta da muƙami. Farar hula ce, in ji shi, amma irin wadda soja ke tsoro.

Alamu sun daɗe suna yi mana magana, mu ne ba mu saurara ba. Yana shanye ledar ruwa goma kafin azahar. Wandonsa ya fara zamewa, ya huda wa bel sabon rami da ƙusa. Tururuwa ta riƙa taruwa a bayan gida duk lokacin da ya fito. Sannan ya daina cire takalmi daga safe har dare, ko alwala zai yi sai ya shafa a kan takalmin, wai ai an yarje wa matafiyi.

"Tafiya ina?" in ji Hajiya. "Daga ɗaki zuwa benci?"

"Soja kullum a kan hanya yake," in ji shi.

Ranar Talatar nan na gaya wa Hajiya warin da na ji. Da ya shiga wanka, ta ɗauke takalman daga bakin ƙofar bayan gida ta zauna a kansu. Dole ya fito da ƙafa tsirara. Babban yatsansa na hagu ya kumbura ya yi kamar dafaffen gauta, ƙarƙashinsa akwai rami. Ƙusa ce ta ɓullo a cikin takalmin ta riƙa sukarsa, shi kuwa bai ji ba, don ƙafar ta daina jin komai tun tuni.

Satin farko na 'yan uwa ne. Wata gwaggo daga Kotobabi ta zo da ganyen darbejiya a buhu. Wani kawu ya bugo waya daga Kumasi ya ce zuma, amma zumar Arewa, ba ta kanti ba. Maƙwabcinmu ɗan ƙabilar Ga ya kawo kwalbar giyar gargajiya ya rantse da ita kakansa ya wanke cizon kada, Hajiya ta gode masa ta raka shi da kwalbarsa har waje. Anti Zenabu ta sayo wani garin magani a hannun mai wa'azin magani a cikin motar haya da muke kira trotro, wanda ya ce yana warkar da suga da basir da mantuwa. Muka shafa, muka jiƙa, muka turara. Ramin ya ƙara faɗi. Wannan satin da muka ɓata shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa.

Muka ce a je asibitin sojoji, ya ƙi. "Sajan ba ya ɗingishi a gaban kurata," in ji shi. Sai muka kai shi wani asibitin farar hula. Mun isa rana ba ta gama fitowa ba, amma mun tarar da layi ya zagaye bishiya. Layin kati daban, layin awo daban, sannan aka ce fayil ɗinmu da aka buɗe ɗazu ya ɓace. Kaka ya zauna na ɗan lokaci yana kallon yadda mutane ke cusa kai, sai ya miƙe da sandarsa ya tsara su bi-da-bi, masu ciki gaba, tsofaffi bayansu. Wani mai kwat da ya tsallake layi ya sha tsawar da ta sa ya koma baya yana cewa "Yessa" bai san ya faɗa ba. Nas-nas suka leƙo suna dariya. Ban san ko saboda haka ne fayil ɗinmu ya bayyana ba.

Likitar matashiya ce, ba ta girme ni sosai ba. Tana Turanci tana yaren Twi, ni ina fassarawa. Ta auna jininsa, ta kalli abin awon, ta sake aunawa, ta ce ciwon suga ne. Sannan ta faɗi maganar da ta zauna mini a kai: "Ƙafar nan tana da sati shida." Idan ciwon bai juya ba kafin nan, za a yanke ta daga ƙasan gwiwa. Ta ba da sharuɗɗa: allura safe da yamma, wankin ciwo duk bayan kwana biyu, ba sukari a shayi, kuma ba takalmin soja.

Kaka ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Kofur, tambaye ta, mene ne muƙaminta?"

Na tambaya. Ta ce ita likita ce.

"Farar hula," in ji shi a hankali. Ya gode mata, ya sa mata albarka, ya yi wa iyayenta addu'a. Muna fita ya zauna a kan benci ya ɗaura takalmansa.

Sati na biyu ya wuce a haka. In na zo da allura, ya ce ba a ba shi oda ba. Sukari huɗu yake jefawa a shayi yana kallon idona. Ranar tunawa da tsofaffin sojoji kuma tana matsowa, ranar da bai taɓa fashin tsayawa fareti ba, ya ce ba zai je wurin da silifas kamar mai zuwa wanka ba. Hajiya ta yi faɗa, ta yi roƙo, daga baya ta gaji ta bari. Sai na lura tana mayar da tuwonta cikin tukunya ba ta taɓa ba.

Anti Zenabu ce ta kawo dabarar. Ta ce, "Tunda oda yake so, a nemo masa mai oda." Hafsoshin da Kaka ya yi aiki da su duk sun riga mu gidan gaskiya, na yanzu kuwa ba mu san ƙofar ko ɗaya ba. Amma Anti tana da wani mai sayen abincinta kullum, Awudu, mai gadin wani kantin firji a Kokomlemle. Ya haura hamsin, yana da tumbi, da gashin baki, da muryar da ke tsayar da trotro daga tsallaken titi. Yana kuma da kaki. Aka yi ciniki a kan shinkafa da wake kullum, da ƙwai da ganda.

Ni aka ba ɗinkin taurari. Na duba a waya na ga Kyaftin uku yake sawa. Na zauna a bayan gida da zare da allura ina sukar yatsuna, ina tunanin ni ce mai rubuta waƙoƙi a kan gaskiya a bayan littafin makaranta, yau ga ni ina ɗinka ƙarya a kafaɗar mai gadi.

Awudu ya zo da kakin a cikin baƙar leda, don yana tsoron sojan gaske ya gan shi a hanya. Ya canza kaya a bayan gidan maƙwabta. Anti ta yi masa bita sau uku. "Kar ka gaishe shi. Kar ka yi murmushi. Kai ne babba."

"Na ji, Anti. Ni ne babba paa, babba sosai," in ji shi, gumi yana zubo masa.

Ya tako tsakar gida da ƙarfi har kaji suka watse. Ya isa ƙofar Kaka. A nan ƙafafunsa suka yi abin da aka koya musu tun yana yaro: ya tuɓe takalmansa ya jera su a bakin ƙofa. Gwiwoyinsa kuma suka fara lanƙwasawa zai durƙusa ya gai da dattijo. Anti ta yi wani tari mai kama da haushi. Awudu ya tsaya a tsakiya, bai durƙusa ba bai miƙe ba, sannan ya zabura ya sara, yana tsaye cikin safa mai huji, babban yatsansa a waje.

Na rufe ido. Na ce shi ke nan.

Kaka ya daɗe yana kallon safar. Ya ɗaga kai ya kalli taurarin, ya kalli bayan Awudu inda muke tsaye mu uku a bakin labule. Sai ya dafa sanda ya miƙe, ya haɗa dugadugai, ya sara.

"Sajan Iddirisu, sa!"

"Sajan," in ji Awudu, "hedikwata ya ji labarin ƙafanka. Hedikwata bai ji daɗi ba koraa, ko kaɗan. Daga yau, allura safe da yamma. Sukari, babu. Takalmi, mun kama shi."

"Yessa. Izinin goge shi kowace safiya, sa?"

Awudu ya waiwayo ya kalli Anti. Anti ta gyaɗa kai.

"An ba ka izini."

Da yammar nan na yi masa allurar farko. Na riga na koya a jikin lemu, amma lemu ba ya magana. "Kofur," in ji shi, "a Kongo ma ban ga muguwa irinki ba." Hajiya ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari.

Sati na uku da na huɗu sun tafi a tsakanin tasi da layin wankin ciwo. Zan faɗi gaskiya, akwai nas ɗin da ke ɓare bandeji kamar tana fushi da shi, kuma kusan duk abin da aka rubuta mana sai a ce babu, a saya a waje, har zoben Anti ya bar yatsanta. Amma akwai wata dattijuwar nas da ke kiran Kaka "Papa Soja", tana wanke ramin nan a hankali kamar tana wanke jariri. Ban san sunanta ba, ina sa ta a addu'a.

Kyaftin yana zuwa Litinin da Alhamis duba bataliya. A zuwansa na uku na kai ƙara, domin na gano ƙwayoyin sukari goma sha biyu a akwatin lambobin yabo, a jere kamar su ma lambobin ne. Kaka bai musa ba. Ya ce yana neman izinin ganin Kyaftin su biyu, maganar soja ce. Aka fitar da mu, aka rufe ƙofa. Muka kasa kunne. Can sai muka ji dukan ƙafa a ƙasa, dim, dim, dim, kusan rabin awa. Awudu ya fito kakinsa ya jiƙe sharkaf, idonsa ja.

"Me ya ce?" in ji Anti.

"Asirin soja ne," in ji shi, ya wuce.

Daga ranar Awudu ya canza. Sarawarsa ta miƙe, tafiyarsa ta daidaita, kuma ya daina cire takalmi, yana shiga da su har kan ledar ɗakin Hajiya, ita kuwa tana bin sawunsa da tsumma tana zaginsa ƙasa-ƙasa. Muka ce rigar ce ta hau masa kai. Har a wurin abinci ya fara cewa, "Anti, Kyaftin ba ya cin ƙwai ɗaya."

"Kyaftin ɗin gidan wa?" in ji ta. "Ni na naɗa ka, ni zan sauke ka." Amma ta ƙara masa.

A sati na biyar dariya ta tsaya. Zazzaɓi ya rufe Kaka, yatsan ya yi baƙi, aka ba shi gado. Likitar ta ce naman da ke sama ya fara kyau, ƙafar za ta iya tsira, amma yatsan ya mutu, kuma in ba a cire shi cikin kwana biyu ba zai ja sauran. Amma ba za a yi aikin ba sai ya sa hannu a takarda. Kaka ya juya fuska bango.

"Goma Allah Ya ba ni," in ji shi. "Da goma zan koma."

Na kira Awudu. Ba zai iya shiga asibiti da kakin ƙarya ba, sai ya zo da jallabiya, muka ce wa Kaka aikin sirri ne ya sa ya sa farin kaya. Ya tsaya a gefen gado, ya buɗe baki zai yi tsawar da ya saba, sai muryar ta ƙi fita. "Sajan," ya ce, "na ba ka oda..." Ya kasa ƙarasawa. Babban mutum da tumbi da gashin baki, yana share hanci da hannun riga.

Kaka ya juyo. Bai kalli Awudu ba, Hajiya ya kalla, tana zaune a kujerar roba da carbi, ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Kofur, biro."

Ya sa hannu da cikakken muƙaminsa. Da ya farfaɗo bayan aikin, abin da ya fara tambaya shi ne ina aka kai yatsan. Aka ce an naɗe shi za a binne, kamar yadda addini ya tanada. Ya ce to a yi shi da girmamawa, domin yatsan nan ya fi duk wanda ke ɗakin daɗewa yana fareti.

Ƙafar ta tsira. Ranar da likitar ta faɗa mana, Anti ta rangaɗa guɗa a cikin ofis har mai gadi ya leƙo. Kaka ya sara wa likitar, ya ce in gaya mata ya ba ta muƙamin Manjo. Ta yarda ya sa takalminsa awa biyu ranar fareti, bayan mai gyaran takalmi ya cire ƙusar ya shimfiɗa soso a ciki. Na tsaya cikin jama'a ina kallonsa a layin tsofaffi, lambobinsa suna ƙyalli, iskar teku tana kaɗa masa riga, ya miƙe kamar an dasa shi. Awudu bai zo ba, don wurin cike yake da hafsoshin gaske. Kaka bai tambayi ina Kyaftin ba ko sau ɗaya. A lokacin ban yi tunanin komai a kan haka ba.

Ya ƙara shekara biyu tare da mu, da allurarsa da shayinsa mara sukari da yake kira ruwan hukunci. Ya kai wata 'yar jikarsa makaranta ranar farko. Ya rasu wata la'asar a kan bencinsa, burushi a hannu. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Ga abin da nake roƙon mai karatu. In kana da tsoho a gida, ka duba ƙafarsa da idonka, ko da zai zage ka. In yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa yana ramewa, a auna jininsa. Kada a ba ganye da zuma sati guda kamar yadda muka yi. Dabarar Kyaftin kuwa, ban ce kowa ya gwada ba.

Ta daɗe tana damuna. Na riƙa jin mun yaudari mutumin da bai taɓa yi mana ƙarya ba, har ya tafi bai sani ba. Bayan shekara guda da rasuwarsa, Hajiya tana gyaran akwatinsa ta sami takarda da rubutunsa: takalman a kai wa Kyaftin. Na sa su a leda na hau trotro zuwa Kokomlemle. Na tarar da Awudu a kan kujerarsa a ƙofar kanti. Na miƙa masa, na ce ina jin nauyin abin da muka yi wa Kaka.

Ya rungume takalman, ya yi dariya har hawaye suka zubo.

"Kofur," ya ce, "wa ya yaudari wa? Ranan da ya rufe ƙofa, ka san me ya ce mini? Ya ce, 'Awudu ɗan Mma Fati mai koko ta Kotobabi, ni na riƙe ragon sunanka. Tun daga safa na gane ka. Kyaftin ba ya cire wa Sajan takalmi.' Na ce, Baba, to me ya sa ka ce yessa? Ya ce, 'Na duba bayanka na ga Hajiya ta rame, na ga yatsun Kofur duk huji. Ni ma tsoron yankan nan nake ji. Wanda zai ba ni oda nake nema, don kada a ce Sajan ya ji tsoro.' Sai ya ce in miƙe, in zan yi ƙarya a gidansa, in yi shi daidai. Rabin awa yana koya mini fareti."

Na zauna a kan matakalar kantin, motoci suna wucewa. Na ce, "Me ya sa ba ka gaya mana ba?"

"Oda ne," in ji Awudu. "Ya ce, 'Kada matan nan su sani. Bar su su ci wannan yaƙin.'"